Matar Mai Wa'azi: Fim Ɗin Da Ba Ya Ginsar Mutum A Lokacin Kirsimeti

Da zarar watan Disamba ya kama, sanyi ya sauko, 'yan makaranta kuma sun dawo hutu, a gidaje da yawa akan zaro tsofaffin finafinai a sake kallo. Wani an kalle shi ya fi sau goma, har yara sun haddace maganganun ciki, amma idan aka kunna kowa sai ya nemi wurin zama. Ɗaya daga cikin waɗanda suka cancanci irin wannan maimaici shi ne The Preacher's Wife, wato Matar Mai Wa'azi, wanda ya fito a Amurka a Disamban 1996. Penny Marshall ce ta ba da umarninsa, manyan 'yan wasan kuwa su ne Denzel Washington, Whitney Houston da Courtney B. Vance. Shi kansa sabunta wani tsohon fim ne na 1947 mai suna The Bishop's Wife.

Ga yadda labarin yake. Fasto Henry Biggs yana kiwon wata ƙaramar ikilisiyar Baptis a unguwar talakawa baƙar fata. Baiko ya ragu, na'urar ɗumama majami'a ta lalace ana tsakiyar sanyi, ga wani attajiri, Joe Hamilton, ya matsa masa lamba a sayar masa da filin majami'ar. Fasto kullum yana kan hanya wajen masu bukata, matarsa Julia mai jagorar mawaƙa da ɗansu Jeremiah sai dai su hangi ƙeyarsa. Da abin ya ishe shi ya yi addu'a, sai aka aiko masa mala'ika mai suna Dudley, sanye da kwat. Faston bai gaskata shi ba, har ya riƙa barinsa ya raka Julia wuraren da shi ya kamata ya kai ta. Ganin matarsa tana dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, kishi ya kama shi, kishin kuwa ya farkar da shi. A ƙarshe ya ƙi rabuwa da majami'ar, gida kuma ya daidaita kafin sujadar Kirsimeti.

To, me ke mai da mu ga abin da muka riga muka san ƙarshensa? Sanin ƙarshen nan shi ne hutun. Shekara ta wuce mana da tsadar abinci, kuɗin makaranta, ciwo da rashe-rashe, ba wanda ya san abin da gobe za ta kawo. Amma idan muka zauna gaban wannan fim, ko da mun ga Julia cikin ɓacin rai hankalinmu a kwance yake, domin mun san auren ba zai mutu ba. Haka yaro yakan roƙi kakarsa tatsuniyar da ya ji jiya. Ikilisiya ma ta san amfanin maimaici. Kowace shekara mukan karanta Luka sura 2, ba kuwa wanda ya taɓa cewa ya gaji da jin labarin makiyaya.

Akwai kuma waƙoƙin. Whitney Houston ta tashi ne tana waƙa a majami'ar Baptis ta New Hope da ke Newark, inda mahaifiyarta Cissy Houston ta daɗe tana jagorar mawaƙa, ita ma uwar ta fito a fim ɗin. Faifan waƙoƙinsa, wanda ƙungiyar Georgia Mass Choir ta sa murya a ciki, ana lissafa shi a kan gaba wajen ciniki cikin faya-fayen waƙoƙin bishara. Whitney ta rasu a 2012 tana da shekara 48, saboda haka mai kallo a yau yakan ji daɗi haɗe da tausayi idan ya gan ta tsaye gaban mawaƙa.

Sai dai iyaye su lura da abu guda. Fim ɗin ya nuna Dudley mutum ne da ya mutu sa'an nan ya zama mala'ika, har zuciyarsa ta soma karkata ga matar fasto. Wannan ƙirƙira ce ta masu wasa. Littafi Mai Tsarki ya koya mana cewa mala'iku halitta ce dabam, ruhohi masu hidima, ba su kuwa yin aure. A buɗe wa yara Ibraniyawa 1:14 da Matiyu 22:30 bayan an gama kallo.

Amma babban darasin ya faɗo ne a kanmu ma'aikatan ikilisiya, fastoci, katikis da dattawa. Babu watan da ke cinye mu kamar Disamba: bukukuwan aure, baftisma, koyon waƙoƙi, ziyarar marasa lafiya, sujadar daren 24 da ta daren 31 ga wata. Matan ma'aikata da yawa su ne masu dafa wa baƙi, su ne kuma na ƙarshe da ake tambaya yaya gajiya. Manzo Bulus, a cikin 1 Timoti 3:4-5, ya sa riƙon gida ya zama ma'aunin wanda za a danƙa wa ikilisiya. Fasto Biggs bai yi sata ba, bai yi zina ba, aikin Allah yake yi, duk da haka saura kaɗan gidansa ya rushe.

Saboda haka muna roƙon dattawa da zumuntar mata, tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara a keɓe maraice ɗaya da ba taro, ba kwamiti, ba mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan fasto sai da larura. Maigida ya ajiye waya, ya zauna kusa da matarsa da yara, a kunna tsohon fim ɗin da kowa ya sani, a yi dariya tare. Ubangiji ya kiyaye gidajen bayinsa, ya kai mu sabuwar shekara lafiya. Amin.