AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me Indiyawa Ke Ci A Gidajensu, Kuma Za A Iya Dafa Shi A Nan?

A wannan fili muke buga muku amsoshin da aka bayar ta rediyo, domin waɗanda ba su sami damar saurare ba, da kuma waɗanda suka saurara amma suna son su ajiye. A wannan mako wasiƙu biyu muka haɗa, don kuwa magana ɗaya suka ɗauko, kuma daga maƙwabtan juna suka fito a kudancin Jihar Jigawa.

Ta farko daga wata uwargida ce a Birnin Kudu. Ta ce tun tana yarinya take kallon finafinan Indiya, kuma kullum takan ga mata a bakin murhu suna gasa wani abu falan-falan kamar faifai, ana ci da wata miya ruwan ɗorawa. Ta ce 'ya'yanta bakwai, nama kuwa sai an yi sa'a, shi ne take tambaya ko wannan abinci zai yiwu da abin da ke kasuwar garinsu. Ta biyu kuma daga wani malamin makaranta ne a Gwaram, wanda yake son ya san ko gaskiya ne Indiyawa ba sa cin nama sam, kuma ko Musulmi zai iya cin irin abincinsu.

To, Malam, bari mu fara da taka tun da ta fi gajarta. Ba gaskiya ba ne a ce dukkan Indiyawa ba sa cin nama. Mabiya addinin Hindu suna girmama saniya, saboda haka mafi yawansu ba sa cin naman shanu, kuma akwai miliyoyinsu da ba sa cin kowane irin nama. Mabiya addinin Jain ma sun fi tsanantawa. Amma mafi yawan mutanen ƙasar kan ci kaza ko kifi ko ƙwai ko naman akuya, ko da jefi-jefi ne. Kada kuma ka manta akwai Musulmi da yawa a can. Ƙidayar da aka yi a 2011 ta nuna sun kai kashi 14 cikin ɗari, wato mutum wajen miliyan 172. Dafa-dukar shinkafa da nama da ake kira biriyani ta yi suna ne a biranen Haidarabad da Laknau, inda sarakunan Musulmi suka yi mulki. Abincin da za mu bayyana a nan kuwa ba komai a cikinsa sai hatsi da wake da man shanu da kayan miya. In ka so ka sa nama, ai mahaucin garinku yana nan.

Yanzu kuma sai ke, Hajiya. Abin da kike gani ana gasawa shi ne roti, ko capati. Miyar kuwa sunanta dal. Waɗannan biyu, da shinkafa, su ne tuwo da miyar talakan Indiya. Arewacin ƙasar ya fi cin alkama, kudu da gabas sun fi cin shinkafa, amma dal kam kusan ko'ina ana sha.

Wani abin da zai ba ki mamaki shi ne, da yawa daga cikin kayan abincinsu namu ne. Gero daga nan yankin Sahel na Afirka ta Yamma ya samo asali, dawa daga wajen Sudan, wake irin namu shi ma ɗan Afirka ne, kuma fiye da shekara 3,000 ke nan da suka isa Indiya. Gero suna ce masa bajira, dawa jowar, wake lobiya, kuɓewa bindi. A jihar Rajastan da gero ake yin roti, a Maharashtira da dawa. Indiya ce ma ta kai shawara har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 ta zama shekarar gero da danginsa. Tsamiya ita ma 'yar Afirka ce, ga shi mutanen kudancin Indiya suna yawan sa ta a miya, har da 'ya'yan zogale suke sakawa. Barkono da tumatir da dankalin Turawa kuwa baƙi ne a wurinsu kamar yadda suke baƙi a wurinmu. Daga nahiyar Amurka suka fito, Turawan Fotugal ne suka kai barkono bayan Basko da Gama ya sauka a Kalikat a 1498. Ko gurasar da ake gasawa a tanderu a Kano, 'yar'uwar burodinsu ce da suke kira nan, murhun ma tandur suke ce masa. Kin ga ke nan ba baƙon abu za ki dafa ba.

To ina bambancin yake? Yana wajen yadda ake sarrafa kayan ƙamshi. Mu mukan daka kayan yaji mu zuba cikin miya tana tafasa. Su kuwa sai sun soya su cikin mai mai zafi tukuna, domin mai shi ke fito da ƙamshinsu, sannan su juye a kan miyar. Wannan shi suke kira tadka, kuma shi ne sirrin girkinsu. Garin kori na gwangwani da muke saya ba shi matan Indiya suka dogara da shi ba. Turawan Ingila ne suka yaɗa shi tun a ƙarni na 18 don su sauƙaƙa wa kansu. Uwargida a can ita ke haɗa nata, ta kira shi masala.

Ga yadda za ki yi dal. Su sun fi amfani da wasu ƙananan nau'o'in wake da ba a cika samu a kasuwanninmu ba, amma farin wakenmu ya wadatar. Ki sami gwangwanin madara 2 na wake, ki surfa ki wanke ki cire dusar tas, kamar za ki yi alale. Ki zuba a tukunya da ruwa gwangwani 6, da rabin cokalin shayi na kurkum, wanda wasu ke kira gangamau. Shi ne mai ba da launin nan da kike gani. Kada ki sa kanwa, don surfaffen wake ba ya wuyar nuna, kanwa kuma za ta ɓata launin da ɗanɗanon. Ki kwashe kumfar da ta taso, ki rage wuta, ki bar shi kamar minti 40 har ya farfashe. Sai ki sa gishiri, ki burge da maburgi. Kaurinsa ya zama kamar na kunun tsamiya, in ya yi kauri da yawa ki ƙara ruwan zafi.

Sai tadka. Ki ɗora ƙaramin kasko, ki zuba man shanu cokali 3 na cin abinci, in babu man gyaɗa ya yi. In ya yi zafi ki jefa 'ya'yan hulba kamar 10, kada su wuce haka, kada kuma su ƙone, don ɗaci za su yi. Ki bi da yankakkiyar albasa 1, ki soya har ta yi ja. Nan fa ake son haƙuri, domin albasar da ba ta soyu ba ita ke sa miyar ta yi salam. Sannan ki sa dakakkiyar tafarnuwa ƙwara 4, da ɗanyar citta kamar kan ɗan yatsa, da attaruhu gwargwadon yadda yaranki ke iya ci, da tumatir 2. In kin ga mai ya taso sama, sai ki juye duka cikin waken, ki rufe tukunyar nan take na minti 5. Ki yi hattara da fantsamar mai, ki kuma kori yara daga bakin murhu a lokacin. Da za a ci sai ki matsa lemon tsami, ko ki zuba ɗan ruwan tsamiya.

Capati kuma garin alkama ake so wanda aka niƙa da dusarsa, ba farar fulawar shago ba. Alhamdu lillahi ana noman alkama da rani a kwarin Haɗeja da Kadawa, saboda haka ki sayi tsabarta ki wanke ki shanya, ki kai inji a niƙa miki da laushi, ki tankaɗe. Gari gwangwani 3, ruwa gwangwani 1 da ɗan ƙari, gishiri kaɗan. Ba yis, ba sukari, ba ƙwai. Ki kwaɓa ki yi ta murzawa kamar minti 10 har ya daina kama hannu, sannan ki rufe da tsumma mai laima ya huta rabin awa. Wannan hutu shi ke sa ya yi taushi. Ki gutsura kamar girman ƙwai, ki barbaɗa gari a kan tire, ki murza da kwalba mai tsabta har ya yi faɗi ya yi siriri. Kaskon ƙarfe za ki ɗora busasshe, ba mai, ya yi zafi sosai. In kin ga ƙananan ƙuraje sun taso sai ki juya, in ɗaya gefen ya yi ɗigo-ɗigon ja ki sake juyawa, ki danna gefe-gefe da tsumma, za ki ga ya kumbura. Ki sauke ki shafa man shanu, ki rufe a kwano. Wannan awo zai ba ki guda 8 zuwa 10, don haka gida irin naki sai ki ninka. In na farko ya fito kamar taswira, kada ki damu, su ma da koyo suka iya.

In alkama ta yi tsada ki yi da gero. Sai dai garin gero ba shi da danƙo, don haka da ruwan ɗumi za ki kwaɓa, ki faɗaɗa da tafin hannu, ki bar shi da ɗan kauri, a kuma ci da zafinsa.

Akwai wasu guda biyu masu sauƙi da za ki haɗa da su. Kuɓewa, mu yauƙinta muke nema, su kuwa gudunsa suke yi. Ki wanke ta, ki bari ta bushe sarai kafin ki yanka, ki soya da albasa da kurkum ba tare da ruwa ko murfi ba, gishiri sai ƙarshe. Sai kuma raita, wato kindirmo da aka yanka wa kokwamba da albasa aka sa gishiri. Yana kashe zafin yaji.

Game da damuwarki ta rashin nama, Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Wake yana da sinadarin gina jiki sosai, kuma abin da ya gaza da shi hatsi na cike shi, abin da hatsi ya rasa wake na da shi. Shi ya sa dal da capati, ko shinkafa da wake irin namu, suke riƙe yaro. Ba mu ce ya maye gurbin nama da ƙwai da kifi gaba ɗaya ba, in an samu a ba su. Amma ranar da babu, ba ki bar su da yunwa ba.

Shawara ta ƙarshe, ki fi son sayen busasshen saiwar kurkum ki daka da kanki, don gari yana da saurin algus. In ba ki samu a Birnin Kudu ba, ko Malam bai samu a kasuwar Sara ba, duk mai zuwa Kano a ba shi sautu, masu kayan ƙamshi na kasuwar Kurmi da ta Rimi ba sa rasawa. Kaɗan ake sawa, kuma yana rina tufafi, kada ki shiga kicin da zanen fita unguwa.

Da fatan uwargida ta Birnin Kudu da Malam na Gwaram sun gamsu. In kin gwada, ki rubuto mana yadda maigida da yara suka karɓe shi. Sauran masu tambaya kuma ku ƙara haƙuri, wasiƙunku suna hannu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.