Mene ne "dak web", kuma me ya haɗa shi da mu?

Jama'a masu saurarenmu na gida da na ƙetare, kalmar "dak web" tana yawo a bakin samari kwanakin nan, har wasu na ɗaukarta tamkar kasuwar aljannu da ake samun kuɗi dare ɗaya. To bari mu warware zancen.

Intanet kashi uku ne. Akwai na fili, wanda kowa ke samu in ya nema a Google, kamar wannan shafin namu. Akwai na kulle, wanda sai da lambar sirri ake shiga, kamar imel ɗinka ko asusunka na banki. Wannan ya fi kowane girma, amma ba shi ne dak web ba.

Na ukun shi ne dak web, wato lungun duhu na yanar gizo. Google ba ya nuna shafukansa, kuma sai da manhaja ta musamman ake shiga. Wadda aka fi sani ita ce Tor, da ta samo asali daga binciken sojojin ruwan Amurka. Tana ɓoye wanda ya shiga da inda yake, adireshin shafukanta kuma yana ƙarewa da ".onion".

Ba duka abin da ke ciki ne haram ba. A 2019 BBC ta buɗe shafinta a can don mutanen ƙasashen da ake toshe labarai. Amma akwai kasuwannin miyagun ƙwayoyi, takardun jabu da bayanan sata. Kasuwar Silk Road ta yi suna a wannan harka, har hukumar FBI ta Amurka ta rufe ta a 2013, kotu ta ɗaure mai ita. Ke nan duhun bai hana a kama mutum ba.

Abin da ya shafe mu shi ne, lambobin waya, lambobin sirri da hotunan katin shaida da ɓarayi ke sacewa, akan sayar da wasunsu a can. Don haka ƴan uwa masu aiko da kuɗi gida, da ku masu karɓa a ƙauye, kada ku faɗa wa kowa lambar sirrinku, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne. Wanda kuma ya ce ku turo jika biyar ya ninka muku ta dak web, ɗan damfara ne. Ku kai maganarsa ga ƴan sanda ko jandarma mafi kusa.