Kafintocin Japan da Zoben Katako na Osaka

Daga 13 ga Afrilu zuwa 13 ga Oktoban 2025, birnin Osaka na ƙasar Japan ya karɓi baƙuncin baje kolin duniya a tsibirin Yumeshima. Abin da ya fi ɗaukar idon mahalarta shi ne wata makekiyar rumfa ta katako mai siffar zobe, wadda ta kewaye tsakiyar filin. Zagayenta ya kai kusan kilomita 2, faɗinta mita 30. Jama'a na fakewa daga rana da ruwa a ƙarƙashinta, wasu kuma na yawo a samanta suna kallon teku. Sou Fujimoto ne ya zana ta, kuma kundin Guinness ya sa ta a matsayin ginin katako mafi girma a duniya, mai faɗin fiye da murabba'in mita 61,000.

Sunan mai zane ya yi ta yawo a jaridu. Amma ni hankalina ya fi karkata ga masu sana'ar da aka ari dabararsu, wato kafintocin da Japanawa ke kira daiku, musamman miyadaiku, masu gina wuraren ibada da gyara su.

Dabarar sunanta nuki. Kafinta zai huda ginshiƙi daga wannan gefe zuwa wancan, ya zura katakon kwance ta cikin hudar, sannan ya buga wani guntun katako mai tsini ya matse su. Shi ke nan, babu ƙusa. Idan ƙasa ta girgiza, kuma a Japan tana yawan girgiza, mahaɗar takan ɗan motsa ta koma mazauninta maimakon ta karye. Da haka aka ɗaga dandamalin Kiyomizu-dera a Kyoto, mai tsawon kusan mita 13, wanda aka sake ginawa a 1633, har yau kuma mutane na cika shi maƙil. A zoben Osaka an haɗa da ƙarfe a mahaɗun saboda dokokin gini na zamani, katakon ma an lilliƙa shi ne falle-falle a masana'anta, amma tushen aikin na kakanni ne.

Koyon sana'ar nan sai mai haƙuri. Yaro kan daɗe yana shara da wasa kaifin kurfi kafin maigida ya bari ya taɓa katako mai daraja. Zartonsu yana yanka ne idan an jawo shi, ba idan an tura ba. Da zare mai tawada suke fitar da layi, suna da gizagonsu kamar na masassaƙanmu. Gwani kuma yakan duba yadda itace ya tashi a dawa, inda ya karkata da inda ya murɗe, kafin ya yanke shawarar inda zai zauna a jikin gini. A 2020 UNESCO ta sa wannan ilimi cikin gadon al'adun duniya.

Dalilin komawa ga katako a fili yake. Siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin carbon da ke ɗumama duniya, itace kuwa yana riƙe da wanda ya zuƙa muddin bai ruɓe ko ya ƙone ba. Kashi biyu bisa uku na ƙasar Japan daji ne, kuma itatuwan sugi da hinoki da aka shuka bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun isa sara. Kusan kashi 70 cikin 100 na katakon zoben daga gida aka samo shi. Inda ba a shuka madadin abin da aka sare kuwa, ginin katako ɓarna ce kawai.

Abu biyu ke damuna. Ginin da ya ci kusan yen biliyan 35 ya yi aikin wata shida ne kacal, aka yanke shawarar kwance mafi yawansa, a bar kusan mita 200. Falalar nuki ita ce ana iya kwancewa a sake ɗaurawa a wani wuri, don haka duk ginshiƙin da ya ƙare a wuta asara ce da ba ta da uzuri. Na biyu ya fi tsanani: a 1980 kafintocin Japan sun haura 900,000, amma a ƙidayar 2020 ba su kai 300,000 ba, kuma da yawansu sun haura shekara 60.