Kwana 19 a kan jirgin da ba namu ba

Ranar da na shaida wa Inna a waya cewa zan raka wata "tirola" zuwa Fulorida, sai ta ce to Allah Ya tsare hanya, amma in gaya wa direban ya rage gudu. Tirela ta ji. Da na fahimtar da ita cewa jirgin ruwa ne, ta yi shiru can, sannan ta ce, "Kai da ko rafin garinmu sai an riƙe maka hannu?"

Tirola ƙaramin jirgi ne da aka ƙera da fasalin jiragen masunta, amma cikinsa gida ne, da ɗakin kwana da kicin da banɗaki. Ba ya gudu. Wanda muka ɗauka tsawonsa ƙafa 42, injinsa na dizal guda ɗaya, tafiyarsa kamar kilomita 13 a awa, wato mai keke mai ƙarfin ƙafa sai ya wuce mu. Abin da masu shi ke so shi ne ƙarancin shan mai: lita 8 ko makamancin haka a awa, yini guda yana gurnani ba ya gajiya.

Ni makaniken dizal ne, abin da ya kai ni ke nan. A Amurka akwai masu jirage da ke gudun sanyin arewa su gangara kudu kowace shekara. Kamfanonin inshora da yawa ba sa yarda a kai jirgi can kudu a tsakiyar lokacin guguwa, wanda ke kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, don haka farkon Nuwamba na yi sai ka ga jirage sun jeru kamar ayarin fatake. Wanda ba shi da lokaci sai ya ɗauki hayar kyaftin ya kai masa. Wani dattijo da nake gyara wa inji shi ya gayyace ni. Ana biyan mutum kullum, da abinci, da kuɗin jirgin sama na komawa gida.

Hanyar sunanta Intracoastal Waterway, a taƙaice ICW. Ba teku ba ce tsantsa. Koguna ne da tafkuna da magudanan da aka haƙa, aka haɗa su a bayan tsibiran gaɓa, har jirgi ya yi tafiyar sama da mil 1,000 daga Nofok a jihar Bajiniya zuwa Mayami ba tare da ya fita tsakiyar Atlantika ba. Mil na sifili yana Nofok, kusa da inda manyan jiragen yaƙin Amurka ke tsayawa. Daga nan hanya ta rabu biyu. Akwai magudanar Dismal Swamp, wadda bayi suka haƙa da hannu aka buɗe ta a 1805, amma ba ta da zurfi, ga kututturan itace a ƙarƙashin ruwa. Kyaftin ya ce da jirginsa ne da sai mu bi ta can mu sha kallo. Muka bi ɗaya hanyar.

Wannan magana ta "da jirgina ne" na ji ta fi sau ashirin kafin mu isa. Kafin ma mu kwance igiya sai da ya zagaya jirgin da waya yana ɗaukar hoton kowane ƙwarzane, ya rubuta yawan man da ke tanki, ya tura wa mai shi. Na ɗauka ƙaƙale ne. Daga baya na ga cewa sana'ar gaba ɗaya a kan haka take tsaye: an ba ka dukiyar da ta fi gidan wani kuɗi, mai ita yana can nesa, ba mai ganin abin da kake yi da ita.

Rana ta uku aka zo gwajina. Akwai wani faffaɗan ruwa a Karolina ta Arewa, Albemarle, marar zurfi, kuma ruwa marar zurfi in iska ta taso igiyarsa gajeru ne masu dukan juna. Muna tsakiya inji ya fara tari, ya mutu. Jirgi ya juya gefe, kwanuka suka zubo daga kabad. Dalilin kuwa kowane makanike ya san shi: jirgin ya daɗe a ajiye, datti ya kwanta a gindin tanki, jijjiga ta tayar da shi ya toshe filta. Na shiga ɗakin inji a durƙushe, ga zafi ga warin mai, cikina na juyawa. Na sauya filta, na fitar da iskar da ta shiga layin mai, na buga wa kyaftin bene da sifana. Inji ya tashi a bugu na biyu. Na fito na yi amai a bokiti, shi kuma ya rubuta lokaci da lambar filtar a littafin jirgi, ko sannu bai ce ba. Sai da daddare ya miƙo min shayi ya ce gobe ni zan riƙe sitiyari.

Tuƙin ba wuya, karatun hanyar ne aiki. Alamu ja da kore ne a kan turaku, in kana gangarawa kudu ja na hannun dama. Amma inda ICW ta haɗu da wani kogi sai alamun su cakuɗe, dole ka nemi ɗan tambarin rawaya da ke jikinsu: mai kusurwa uku ka bar shi dama, mai kusurwa huɗu hagu. Ga gadoji. Manyan an gina su da tsayin ƙafa 65, ƙananan kuwa sai an buɗe, wasu a kan awa kawai. Ka makara da minti biyu, ka yi ta shawagi a gaban gada ruwa na jan ka har awa ta zagayo. Karolina ta Kudu mun wuce ta lafiya, ta gefen tsoffin gonakin shinkafa na Georgetown da birnin Charleston.

Jojiya ce ta tsayar da mu. A can ruwa na cikowa ya janye sau biyu a rana, bambancin kuma ya kai ƙafa 7 zuwa 8. Inda ka wuce da hantsi, da la'asar taɓo ne tsuntsaye na kiwo a kai. Hukumar injiniyoyin soja da ke kula da hanyar an ɗora mata zurfin ƙafa 12, amma laka ba ta san doka ba, tana dawowa bayan kowane yasa. Wurin da matuƙa suka fi tsoro sunansa Little Mud River, kuma mun iso bakinsa ruwa na janyewa.

Daidai lokacin mai jirgi ya bugo. Yana son jirginsa kafin bikin Thanksgiving, ya riga ya gayyaci surukai. Ina jin muryarsa daga inda nake. Kyaftin ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, zan iya kawo maka shi ranar Talata da farfela a lanƙwashe, ko ranar Laraba lafiyarsa lau. Zaɓi." Muka jefa anga. Wani jirgi mai gudu ya wuce mu yana ɗaga mana hannu.

Awa shida muka yi a nan, fitilar tsibirin Sapelo mai zanen ja da fari tana hango mu. Kyaftin ya ga na shimfiɗa darduma ina duba alƙibla, wadda a wannan gaɓar arewa maso gabas take, jirgi kuma na juyawa a kan angarsa. Da na idar ya nuna tsibirin ya ce wani irina ya taɓa zama a can. Bilali Muhammad yake nufi, mutumin Timbo ta Futa Jalon, wanda aka bautar a gonar Thomas Spalding a farkon ƙarni na 19. Ya bar rubutun hannu na Larabci shafi 13, a kan alwala da kiran salla da salla, irin abin da muka fara da shi a zaure cikin Ahalari. Takardun suna ajiye a Jami'ar Jojiya, zuriyarsa kuma har yau akwai su a Sapelo. Ban taka tsibirin ba, jirgin ba na yawona ba ne. Na dai zauna ina kallonsa har ruwa ya fara dawowa.

Da muka shiga kogin, na'urar auna zurfi ta nuna akwai sauran ƙafa uku a ƙarƙashinmu. Can a wata kwana sai ga mai gudun nan, ruwa ya fara ɗago shi daga lakar da ya kwana rabin yini a kai, jirgin ja na tsaye kusa da shi. Kyaftin ya rage tafiya don kada igiyar ruwanmu ta jijjiga su, bai ce komai ba.

Fulorida gadoji ne da gidajen masu kuɗi da alamun a tafi a hankali saboda ayu, dabbar nan da masuntan Binuwai da Kwara suka sani. Mun isa Fort Lauderdale ranar Laraba. Muka wanke jirgin ciki da waje, muka cika tanki, kyaftin ya sake ɗaukar hotuna. Mai shi ya zagaya, ya karanta littafin jirgi, ya tsaya a kan shafin Albemarle ya tambayi wa ya gyara. Ya karɓi lambata.

Ga 'yan'uwa da ke nan masu hannu a inji ko wayarin: matsayar ƙananan jirage na neman irinku, kuma ƙofar ta nan ake shiga. Lasin tuƙi na farko da hukumar tsaron gaɓar teku ke bayarwa na buƙatar kwana 360 a kan ruwa, a rubuce, da sa hannun mai jirgi ko matuƙinsa. A filin jirgin sama kyaftin ya ciro takardar daga jakarsa, ya cike min kwana 19. Na ɗauki hotonta na tura wa ƙanwata ta nuna wa Inna. Saƙon murya ya dawo: saura nawa? Na ce 341. Ta ce in dai koyi iyo tukuna.