Kaska, Kifi da Karen Gamkalle

Bahaushe ya ce da haushin kifi kaska kan mutu, don duk nacinta ba ta iya bin sa cikin ruwa ta sha jininsa. Ina jin daga nan wasu masu karnuka a Gamkalle suka ɗauko likitancinsu. Unguwar tana bakin kogin Isa, saboda haka in kaska ta yi wa kare yawa sai a ja shi ruwa, a tsoma, a ce an gama da ita.

Ina son wannan karin magana, amma an ɗora mata kayan da ba nata ba. Cewa ta yi kaska ba ta samun kifi, ba ta ce ruwa na kashe kaska ba. Wadda ta riga ta kafa baki a fata tana iya kwana cikin ruwa da ranta, balle tsomawar minti biyar. Na ga yara sun fito da wani jan kare daga kogi wajen majema, ya girgije ya jiƙa su sharkaf suna ta shewa. Da aka ɗaga kunnensa, ga su nan jere, sun ƙoshi sun yi tiɓis kamar jiƙaƙƙen wake. Ko da ma ruwan ya tafi da su, sauran na gida, don kaskar kare a tsagar bango take ƙwai, mace ɗaya tana zuba dubbai. Karen ya dawo ya kwanta gindin katanga, shi ke nan an koma gidan jiya.

Aikin na hannu ne. A duba cikin kunne, wuya da tsakanin yatsu, musamman da damina. A kama kaskar da matsefata dab da fata, a ja a hankali kada kan ya katse ciki. Ba ƙaiƙayi kaɗai take sawa ba, tana ɗauke da cutar da ke sa zazzaɓi ta ƙarar da jini, har dadashin kare ya yi fari. Masu shafa baƙin mai wai maganin ƙazwa kuwa, guba suke ba shi, lashewa zai yi.

Wani zai ce ai kare najasa ne, wa zai tsaya taje shi? A tambayi malamai: a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke kwanon da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne. Ga sabulu ga ruwa in an gama.

Ba a kiwon kare ranar farauta, haka ma ba a neman gadi wurin wanda kaska ta tsotse. Mai kare, ka share makwancinsa, ka toshe tsagar bangon nan, in ya daina cin abinci ka kai shi wurin likitan dabbobi.