Bosumtwi: Tafkin da Aka Daɗe Ana Zaton Bakin Aman Wuta Ne

Wanda ya bar Kumasi a trotro ya nufi kudu maso gabas ta Kuntanase, bayan tafiyar kamar kilomita 30 zai ga hanya ta haye tudu, sannan ta gangaro da shi zuwa ƙauyen Abono. A nan ruwa ke shimfiɗe, kewayayye, faɗinsa wajen kilomita 8, tuddai sun yi masa zobe. Babu kogin da ke fita daga cikinsa. Samarin Aboabo da Asawase da Sabon Zongo sun san Bosumtwi a matsayin wurin shaƙatawa ranar hutu. Asantawa kuwa suna girmama shi, kuma har yau masuntansu a kan katako guda da ake kira padua suke hawa su shiga kamun kifi. Amma ga masu nazarin duwatsu, wannan rami ya zama abin gardama na shekaru masu yawa: wuta ce daga cikin ƙasa ta haƙa shi, ko dutse ne ya faɗo daga sama?

Masu cewa aman wuta ne suna da abin kamawa. Kewayayyen rami mai ruwa a tsakiya shi ne siffar tafkunan da ke zaune a bakin tsofaffin duwatsu masu aman wuta. Ga kuma wani abu da mazauna gaɓar suka daɗe da sani, wanda Bature R. S. Rattray ya rubuta a littafinsa kan Asante na 1923: lokaci-lokaci ruwan kan sauya launi, wari ya tashi, kifi ya taso sama jama'a su kwasa, sai a ce tafkin ya harba albarushi. A 1931 Malcolm Maclaren ya ce faɗuwar dutsen sararin samaniya ce ta haifar da ramin. A 1937 N. R. Junner, na ma'aikatar binciken ƙasa ta Gold Coast (Ghana ta yau), ya tsaya kan cewa aikin wutar cikin ƙasa ne, kuma maganarsa ta yi nauyi a zamaninsa.

Gardamar tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos na Kamaru ya saki iskar kabon da ta taru a ƙasansa, ta kashe mutane fiye da 1,700 tare da dabbobinsu. Nyos bakin aman wuta ne na gaske, iskar kuma daga narkakken dutsen da ke can ƙasa take tsattsafowa. Duk mai ɗan'uwa a gaɓar Bosumtwi yana da haƙƙin ya san ko tafkinsa irin wancan ne.

Ilimin da ya raba gardamar shi ne ilimin sinadaran duwatsu. Tsohon ɗan kasuwar goro a Zongo yakan ɗauki ƙwaya ɗaya, ya duba launinta, ya gatsa, ya faɗi dajin da ta fito. Haka masanin wannan fanni yake yi da dutse, sai dai shi da na'ura yake ɗanɗanawa. A farkon shekarun 1960 aka gano wani ma'adini mai suna kowisait a duwatsun gefen ramin. Asalinsa farin dutsen nan ne na kwaz, amma ba ya rikiɗa ya koma kowisait sai da matsi mai tsananin da fashewar aman wuta ba ta kaiwa. Tun a 1934 kuma masanin Faransa Alfred Lacroix ya ba da labarin wasu baƙaƙen dunƙulen gilashi, tektait, da ake tsinta a Kwaddibuwa, ɗaruruwan kilomita yamma da tafkin. Daga baya aka sami ƙananansu, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, a cikin laka a ƙasan Tekun Atlantika. Da aka auna shekarunsu, sai suka zo daidai da na gilashin da ke bakin Bosumtwi: kimanin shekara miliyan 1.07.

Mutumin da sunansa ya fi haɗuwa da tafkin a duniyar bincike shi ne Christian Koeberl, ɗan Ostiriya, haifaffen 1959, malami a Jami'ar Biyana, wanda ya shugabanci gidan tarihin halittu na birnin daga 2010 zuwa 2020. Ya ƙarar da yawancin rayuwarsa ta aiki yana bin ramukan da duwatsun sama suka haƙa a nahiyoyi daban-daban. A 1993 shi da Steven Shirey suka auna wani ƙarfe mai wuyar samu, osmiyom, a cikin tektait ɗin Kwaddibuwa. Ɓawon ƙasa ba shi da osmiyom sai ɗan kaɗan, kuma nau'insa ya sha bamban da na duwatsun sama. A cikin gilashin suka ga alamar dutsen sama, ƙasa da kashi 1 cikin 100, amma ta isa shaida.

A nan ne aikin ya yi wuya, kuma a nan ne ake gane mai haƙuri. Osmiyom na duwatsun sama yana kama da na mantil, wato ɓangaren duniya da ke ƙarƙashin ɓawonta, mai kaiwa zurfin kusan kilomita 2,900, inda narkakken dutsen aman wuta ke samo asali. Ƙasar Asante kuwa cike take da duwatsun da suka fito daga can, ga kuma ma'adinan zinariya da ke dagula lissafi. Sai da Koeberl da abokan aikinsa suka koma kan wani ƙarfen, kuromiyom, wanda nau'insa na sama ba ya rikicewa da na duniya. Sakamakon da suka fitar a 2007 ya nuna cewa abin da ya faɗo dutse ne na jinsin da ya fi yawa cikin masu faɗowa duniya.

Kafin nan, a 2004, wani shiri na ƙasa da ƙasa ya kafa injin haƙa a kan ruwan tafkin, aka ciro laka mai kaurin kusan mita 300, aka kuma huda dutsen da ke ƙasanta. Masana na Ghana sun shiga aikin, daga jami'ar KNUST da ma'aikatar binciken ƙasa. Lakar ta ba da labarin damina da fari shekara bayan shekara. Wani bincike na 2009 ya karanta a cikinta fari mai tsawo da ya riƙe Afirka ta Yamma daga wajen 1400 zuwa 1750. Shi kuwa warin nan da tasowar kifi, juyawar ruwa ce: idan na sama ya yi sanyi sai ya nutse, na ƙasa mara iskar shaƙa, mai ɗauke da ruɓaɓɓen ganye, ya taso. Babu narkakken dutse a ƙarƙashin Bosumtwi.

Duk da haka Junner bai yi kuskuren neman wuta a ƙasar Asante ba. Zamanin ne ya yi nisa ƙwarai. Duwatsun da dutsen saman ya daka, waɗanda ake kira Birimiyan saboda kogin Birim, sun haura shekara biliyan 2. Wasunsu amai ne na duwatsun wuta da suka fashe a ƙarƙashin teku. A 1990 Wafa Abouchami da abokan aikinta suka nuna, ta hanyar awon sinadarai, cewa sabon ɓawo ne da ya fito kai tsaye daga mantil wajen shekara biliyan 2.1 da suka wuce. Daga baya ruwan zafi ya bi tsagogin waɗannan duwatsu ya ajiye zinariya, ita ce ta Obuasi, ita ce ta ɗaukaka sarautar Asante, tana kuma cikin abin da ya raya kasuwannin da fataken Hausa suka biyo da jakunansu neman goro. Lu'ulu'un Akwatia ma daga mantil ya taso, daga zurfin da ya wuce kilomita 150.

Abin takaici shi ne yawancin samfurin duwatsun nan a ɗakunan bincike na Turai da Amurka aka auna su, alhali tafkin na bayan gidanmu. Yau kuma Ghana tana buƙatar masu wannan ilimi fiye da kowane lokaci, domin galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta gurɓata kogunan Offin da Pra da Birim, kuma masanin sinadaran ƙasa ne zai auna makuri da sauran guba a ruwan sha ya faɗi inda suka fito. UNESCO ta sanya Bosumtwi cikin wuraren da ake karewa a 2016, kariyar kuwa tana buƙatar masu awo.

KNUST tana da sashen injiniyancin ƙasa a nan Kumasi, akwai jami'ar ma'adinai a Tarkwa, akwai sashen kimiyyar ƙasa a Legon. Iyaye da malaman makarantun Zongo, idan yaro ko yarinya ya nuna kaifi a lissafi da kimiyya, a nuna masa wannan hanya, a kuma kai ɗalibai Abono su ga ramin da idonsu.