Ko Ka Sani? Famfon Feshin Lambu Na Iya Ɗura wa Mota Man Giya

Wanda ya zana akwatin giyar mota bai yi tunanin ƙashin bayan makaniki ba. Baƙin mai ta sama ake zuba shi, a buɗe bonet, a kafa mazurari, a tuttula. Man giya kuwa ƙofarsa tana ƙarƙashin mota, a gefen akwatin, haka ma ta wannan kumburarren tulun da ke tsakiyar aksul ɗin baya. An yi hakan da gangan, domin ramin shi ne ma'auni: a yi ta ɗurawa har sai mai ya fara dalalowa ta bakinsa, to ya isa. Matsalar ita ce babu sararin da za a karkata galan a wurin. Shi ya sa za ka ga yaron gareji kwance a kan kwali, riƙe da gorar roba da aka huda murfinta aka cusa tiyo, yana matsa ta da hannu biyu yana cije leɓe, man na bin damtsensa har hammata, gorar na huci tana mayar da rabin abin da ta tura. Motar irin su Hilux mai jan ƙafa huɗu wuri huɗu take buƙatar wannan wahala, kowane wuri kuma daga lita guda har zuwa uku.

Masu gyaran motocinsu da kansu a Amurka da Ingila da Ostireliya sun daɗe da samo wata hanya. Sukan sayi sabon famfon feshin lambu mai lita biyar, su cire sandarsa da kan feshinsa su yar, su zuba man giya a ciki, su buga masa iska, su shiga ƙarƙashin mota da bakin tiyo kaɗai. Da jin farko abin ya yi kama da gyaran gangar Auzinawa. Ni dai ina ganin dabarar tana da tushe mai ƙarfi, kuma duk wanda ya ce ya gwada bai ga komai ba, akwai yiwuwar tausayin famfon ya ji, ya ƙi raba shi da kayan feshinsa.

Sai dai ba kowane famfo ba. Wanda manomanmu suka fi sani shi ne na goyo, mai lita 16 ko 20, wanda ake ɗaga masa hannu sama da ƙasa ana tafiya tsakanin kunyoyi. Asalinsa daga gonakin inabin Faransa ne a shekarun 1880, lokacin da Millardet ya fito da haɗin maganin Bordeaux, Victor Vermorel kuma ya ƙera famfon goyon da za a fesa shi. Irin wannan famfo ruwan maganin kansa yake zuƙa ya tura, ta cikin ƙananan bawul da aka yi su don abu mai tsinkewa kamar ruwa. Zuba masa man giya tamkar a ce mutum ya sha kunun tsamiya mai kauri ta tsinken ciyawa ne. Wanda ake nufi shi ne ɗaya nau'in, mai tulu da ake ajiyewa a ƙasa, da famfo irin na keke a murfinsa, dangin tulun ƙarfen da masu feshin sauro ke ratayawa a kafaɗa. Wannan famfonsa ba ya taɓa mai ko sau ɗaya. Iska kawai yake cusawa a saman tulun, iskar ta danne man, man ya bi bututun da ya sauka har gindi ya fito.

Saboda haka wurin da ba komai a cikin tulun shi ne injin. Robert Boyle ya nuna a 1662 cewa idan iska ta sami fili ninki biyu, matsinta kan ragu da rabi, kuma lissafin bai fi ƙarfin mai faci ba. A ce an zuba lita uku a tulu mai lita biyar, aka buga iska har geji ya nuna 30, kusan abin da ake ba tayar ƙaramar mota. Idan aka haɗa da nauyin iskar sararin duniya, wanda ya kusa 15, ya zama 45 a cikin fili mai lita biyu. Lokacin da man ya ƙare, iskar ta baje a lita biyar, ta koma 18, wato saura 3 a geji. Wannan 3 ɗin da aka raina tana iya ɗaga mai sama da mita biyu. Amma mai haɗama da ya cika tulun, ya bar wa iska rabin lita kacal, da zarar lita ɗaya ta fita gejinsa ya koma sifiri, sai ya fito daga ƙarƙashin mota ya sake bugu yana zagin famfo.

Abin da ya fi ƙayatar da ni a cikin zancen nan, wani likita ne ya gano shi, ba makaniki ba. Jean Poiseuille, mutumin Faris, yana son sanin yadda jini ke gudana a cikin jijiyoyi, sai ya yi shekaru yana tura ruwa ta siraran bututun gilashi yana aunawa, ya fara bayyana sakamakonsa wajen 1840, kusan lokaci guda da wani injiniyan Jamus mai suna Gotthilf Hagen. Abin da suka samu ya saɓa wa hankalin tuwo. Idan ka ninka matsi, ruwan da ke fita ya ninku sau biyu, ba mamaki. Idan ka rage tsawon bututu da rabi, haka nan. Amma idan ka ninka faɗin bututun, ruwan ba sau biyu zai ƙaru ba, ba sau huɗu ba: sau goma sha shida. Biyu sau biyu sau biyu sau biyu. Dalili kuwa, ruwan da ke manne da bangon bututu a tsaye yake, na kusa da shi na jan ƙafa, na tsakiya ne kaɗai ke gudu, kamar tsakiyar kogi da gaɓarsa. Faɗaɗa bututu ya ƙara wa ruwa hanya, ya kuma nisanta tsakiyar daga bangon da ke riƙe ta. Litar man da ke cin minti huɗu ta tiyo mai faɗin milimita huɗu, daƙiƙa goma sha biyar za ta ci ta mai milimita takwas, da bugun iska iri ɗaya. Don samun wannan sauri ta hanyar ƙarfi, sai mutum ya buga iska ninki goma sha shida, kuma tun kafin ya kai ko'ina bawul ɗin tsaro, wanda kan buɗe a wajen 45, ya fara fito. Idan babu bawul ɗin, tulun ne zai yi magana. Ka kuma juya lissafin ka ga abin tsoro: jijiyar da ta tsuke da kashi ɗaya cikin biyar, jinin da za ta wuce da shi a matsi iri ɗaya bai kai rabi ba. Dokar da ke hana man giya fita ita ce ke sa zuciya wahala.

Daga nan za a gane me ya sa barin kan feshi a jikin famfon ke kashe aikin. Ramin kan bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, an yi shi don ya farfasa ruwa ya zama raɓa. Man giya mai lamba 80W-90 a zafin digiri 40 ya fi ruwa kauri fiye da sau ɗari. Kuma wuri mafi ƙunci a duk hanyar shi ke mulki, don haka sauya tiyon waje kaɗai ba ya wadatarwa idan bututun cikin tulu da maɗannin hannu sun ci gaba da zama a tsuke. Masu yi da kyau sukan maye gurbin maɗannin da ƙaramin bawul na masu aikin famfo, su sa guntun bututun ƙarfe mai lanƙwasa a ƙarshe don ya maƙale a bakin ramin, hannu ya huta.

Zafi ma na da ta cewa. Man da ke gudu a digiri 40 yakan yi kauri kusan ninki uku a digiri 20, saboda haka Bature ke tsoma galan ɗinsa a ruwan zafi kafin ya fara, mu kuma rana ta ɗauke mana wannan aiki, in ban da safiyar hunturu a Jos. Lambar da ke jikin galan ɗin kuwa kada ta ruɗi kowa. Ma'aunin man giya daban yake da na man inji, ta yadda man giya mai lamba 90 bai fi man inji mai lamba 40 ko 50 kauri ba idan sun yi zafi. Kuma duk kaurin man giya yaro ne a gaban kwalta. A Jami'ar Queensland ta Ostireliya, Thomas Parnell ya zuba kwalta a mazurari a 1927, ya buɗe gindinsa a 1930, aka zauna jira. Ɗigo na tara sai a 2014 ya sauka.

To, akwai masu suka, kuma wasu daga cikinsu suna da gaskiya. Na farko sukan ce mai zai cinye robar. Tulun kansa ba shi da matsala, domin galibi da irin robar da ake yin galan ɗin mai ake yinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan zobban roba da ke toshe murfi da famfo. Akwai nau'in da ake kira EPDM, wanda ke jure ruwa da rana, amma in ya haɗu da man da aka tace daga ɗanyen mai sai ya kumbura ya yi laushi. Nitrile da Viton su ne ke jure mai, kuma ana sayar da famfunan da aka rubuta hakan a jikinsu. Wannan suka ce ta zaɓen kaya, ba ta rushe dabarar ba. Zoben roba bai kai kuɗin litar mai ba. Abin ban sha'awa, birkin mota akasin haka yake. Robobinsa na EPDM ne, man birki ba ya cutar da su, ɗigon man giya kuwa na iya kumbura su har birki ya ƙi kamawa. Tunda akwai masu amfani da irin wannan tulu wajen cire iska daga birki, tulun da ya taɓa ganin ɗayan bai halatta ya ga ɗayan ba har abada.

Suka ta biyu ta fi nauyi: ajiya. Ɗura mai aikin minti goma ne, barinsa watanni a tulu kuwa wani zance ne. Duk bugun da aka yi, iskar waje aka cusa, da ƙurarta da danshinta. Danshin damina kan zama raɓa a bangon tulu ya gangara cikin mai, ƙurar hunturu kuma yashi ce da za a kai wa haƙoran giya. Tulun da aka bari da matsi yana gajiyar da robobinsa, wata rana a wayi gari a tarar da lita uku kwance a ƙasan shago. A nan na yarda da masu suka rabi. Ana iya ajiyewa, amma a saki iskar bayan kowane aiki, a toshe bakin tiyo, a kau da tulun daga rana. Famfon da ya taɓa ɗaukar maganin ciyawa ko na ƙwari kuwa ba ya cikin lissafi, haka wanda ya ɗauki mai ba ya komawa kan tumatir. Fetur ma ko kusa. Man giya sai ya kai wajen digiri 200 tururinsa ke kama wuta, fetur kuwa yana ba da tururi mai kamawa ko da sanyi ya wuce digiri 40 ƙasa da sifiri.

Sai batun ruɗewa, wanda masu dabarar kansu ba su cika ambata ba. Galan na da suna a jikinsa, tulun feshi ba shi da. Tun tsakiyar shekarun 1920, lokacin da kamfanin Packard ya fara sa wani sabon salon haƙora a aksul ɗin motocinsa, haƙoran ba birgima kaɗai suke yi a kan juna ba, har da gugar juna, da ƙarfin da kan matse mai ya kore shi. Aka ƙara wa man sinadaran farar wuta da fosfaras, su ne tushen wannan warin da ba ya barin riga ko bayan wanki uku. Man aksul mai alamar GL-5 ya fi mai alamar GL-4 yawan waɗannan sinadarai, kuma akwai akwatunan giyar hannu masu zobban tagulla da masu ƙera su suka ce GL-4 kaɗai za a zuba musu. A ido duka biyun zuma ce. Tulu ɗaya, mai iri ɗaya, a rubuta sunansa da fenti a jiki da kuma a murfi.

Wani zai ce me ya hana a sayi famfon da aka yi don aikin. Babu abin da ya hana. Sai dai ƙaramin famfon da ake ɗaurawa a bakin galan ɗan kaɗan yake turawa a kowane danni, lita guda sai an danna sau da dama, a kwance, da hannu ɗaya. Manyan tulunan da kamfanoni ke sayar wa garejoji kuwa, in ka kwance su, abin da za ka tarar shi ne tulu, da famfon iska, da geji, da tiyo mai faɗi. Famfon lambu ne da ya je makaranta. Abin da ya rage wa mai tulun lambu ya kiyaye shi ne saurin da ya samu, domin mai na ci gaba da zuwa ko bayan akwatin ya cika, kuma man da ya yi yawa kumfa yake yi ya nemi hanyar fita ta sil. Mota ta tsaya a miƙe, hannu na kan bawul, ido na kan bakin ramin. Kuma notin zubawa ake fara kwancewa kafin na tsiyayewa, don an sha ganin wanda ya zubar da tsohon mai tas, sannan ya tarar notin sama ya ci tsatsa ya ƙi motsi.